Garin Neman Taro Ingila Ta Rasa Amurka

 Yau ina roƙon Edita ya ba ni fili mu ajiye zancen farashin bijimi tukuna, mu haura teku mu dubo wata tsohuwar rigima ta haraji, wadda ta raba Ingila da 'ya'yanta na Amurka kimanin shekara 250 da suka wuce. Na san wani zai ce ina ruwan mai shanu da birnin Boston. To ka yi haƙuri ka karanta. In ka kai ƙarshe ba ka ga fuskar wani da ka sani a bakin iyaka ba, ka biyo ni bashin kuɗin takarda.

Abin da aka saba faɗa shi ne wai Ingila ta danne Amurkawa da haraji har suka kasa numfashi, shi ya sa suka yi tawaye. Ni dai ban yarda da labarin a haka ba, domin lissafi bai nuna haka ba. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa a wancan zamani mutumin Ingila yana biyan wajen sule 26 a shekara, shi kuwa mutumin Massachusetts, inda Boston take, wajen sule guda. Su waɗannan Amurkawa kuma Turawa ne, yawancinsu jikokin mutanen Ingila da suka yi ƙaura suka kafa yankuna 13 a bakin teku, kowane yanki da gwamnansa da majalisarsa. Suna cikin mutanen da suka fi kowa sauƙin haraji a duniyar Turawa ta lokacin.

Mafarin abin yaƙi ne. Daga 1756 zuwa 1763 Ingila da Faransa suka gwabza Yaƙin Shekara Bakwai, a Turai da Indiya da Amurka da kan teku. Ingila ta yi nasara, ta karɓe Kanada da ƙasar da ta miƙe har kogin Mississippi. Amma da aka zauna lissafi sai murna ta koma ciki, don bashin da ke kan gwamnati ya tashi daga wajen fam miliyan 75 ya kai wajen miliyan 130, kuɗin ruwansa kaɗai ya haura fam miliyan 4 kowace shekara. Ga sabuwar ƙasa mai faɗi tana bukatar tsaro. A 1763 ɗin nan mutanen asalin ƙasar, ƙarƙashin jagorancin wani shugabansu mai suna Pontiac, suka tashi suka ƙone sansanonin soja da dama. Gwamnati ta yanke shawarar ajiye soja wajen 10,000 a can, abin da zai ci sama da fam 200,000 a shekara. A gida kuwa babu sauran wurin tatsa, don da aka sa wa manoman Ingila sabon haraji kan barasar tuffa a wannan shekara, sai da aka yi tarzoma a yammacin ƙasar.

Saboda haka da George Grenville, shugaban gwamnati na lokacin, ya ce Amurkawa su ɗauki wani kashi na kuɗin tsaronsu, ni a ganina bai faɗi abin kunya ba. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. An kawar musu da Faransa daga bayan gida da jinin sojan Ingila da kuɗin talakan Ingila. Mulki ba ya tafiya da iska. Soja zai ci abinci, alƙali zai karɓi albashi, jirgin ruwa zai sha gyara, kuma dole wani ya biya. Duk wanda ya taɓa riƙe asusun ƙungiya ya san wannan, ya kuma san yadda fuskar mutane ke canzawa ranar karɓar kuɗin wata.

Yanzu ga wurin da nake so kowane falke ya buɗe ido. Akwai wani ruwan rake mai kauri da ke saura in an dafa sukari, mu ce masa maɗi. Mutanen Boston da maƙwabtansu suna sayo shi daga tsibiran Faransa, inda ya fi araha, su dafa barasa da shi su sayar. Tun 1733 Ingila ta sa wa maɗin da ba na tsibiranta ba kuɗin fito, sisi a kowane galan. Sisin nan ya yi nauyin da in an biya shi babu riba, don haka kusan babu mai biya. Abin da aka saba shi ne mai jirgi ya ga ma'aikacin kwastan a gefe, ya ba shi kwabo ko ahu a galan, a rubuta wani abu a takarda, kowa ya kama gabansa. Shekara 30 ana haka. Manyan jami'an ma da yawansu suna zaune a Ingila suna cin albashi, sun bar wa yaransu aikin. Da Grenville ya duba littafi sai ya tarar abin da kwastan na Amurka ke tarawa a shekara bai kai fam 2,000 ba, alhali kuɗin da ake kashewa wajen riƙe ma'aikatan ya doshi fam 8,000. Wato ana kashe fam huɗu don a karɓo fam ɗaya. Wallahi da yaron shagonka ne ya kawo maka wannan lissafi, da a ranar zai koma gidan ubansa.

A 1764 sai aka yi sabuwar doka, aka rage kuɗin daga sisi zuwa taro. Ragi ne fa, amma a nan ne ihu ya fara, domin wannan karon da gaske za a karɓa. Aka umarci jami'ai su koma bakin aikinsu, aka ba jiragen yaƙi ikon tare jiragen fatake, aka ƙaro takardu iri-iri da dole mai kaya ya cika. Wanda aka kama kuma ana iya kai ƙararsa wata kotun harkokin teku a Halifax, can nesa a Kanada, inda alƙali ɗaya ke yanke hukunci babu mutanen gari a zaune, kuma mai kaya ne zai kawo hujjar cewa kayansa halal ne. Ka ɗauka an tsare maka garke, an ce sai ka yi tafiyar kwana da kwanaki kafin a saurare ka, shanu suna ramewa a turke. Ko kana da gaskiya ka riga ka yi asara.

Kuma ku ji ƙarshen zancen maɗin. A 1766 aka sake sauko da shi zuwa kwabo ɗaya a galan, kan kowane maɗi, na Faransa ko na Ingila. Da kuɗin hukuma ya yi daidai da na cin hanci, sai fatake suka ga babu dalilin ɓuya, suka riƙa biya a ƙofa suna karɓar takarda, kuɗi suka shiga baitulmali fiye da yadda sisi ya taɓa kawowa. Na daɗe ina cewa da masu tsara kuɗin fito na ƙasashenmu za su karanta wannan guntun tarihi kaɗai, da an rage bin daji da dare. Babu falken da ke sha'awar kwana cikin ƙaya da shanu 40 in ƙofa tana da araha kuma rasit ɗinta yana da daraja a shinge na gaba.

Da Grenville ya tsaya nan, wataƙila da abin bai lalace ba. Sai a 1765 ya kawo Dokar Hatimi. Kowace takarda ta hukuma ko ta ciniki dole a rubuta ta kan takarda mai hatimin sarki wadda aka saya: takardar gado, ta sayen fili, ta lodin jirgi, lasin, jarida, har da karta, sule guda a kan kowane ƙunshi. Lauya zai biya fam 10 kafin ya sami lasin aiki. Kuma a biya da tsabar kuɗin Ingila, wanda ya yi ƙaranci a can. Ana sa ran samun wajen fam 60,000 a shekara, bai ma kai rabin kuɗin sojan ba. Amma dubi waɗanda dokar ta taɓa: lauyoyi, masu buga jarida, manyan fatake, masu gidajen shaye-shaye inda gari ke taruwa. Wato duk mai baki da mai alƙalami a ƙasar aka tsokana rana ɗaya.

Hujjar Amurkawa ita ce ba su da ko wakili ɗaya a majalisar Landan, don haka ba ta da ikon sa hannu a aljihunsu, majalisun yankunansu ne kaɗai ke da wannan iko. Daga nan aka sami kirarin nan nasu, babu haraji in babu wakilci. Mutanen Grenville suka amsa cewa ai Manchester da Birmingham ma ba su da wakili a majalisa kuma suna biya, wai kowane ɗan majalisa yana wakiltar duk talakawan sarki ne. Wannan amsa ba ta da ƙafa. Ɗan majalisar da ya sa wa Manchester haraji shi ma zai biya irinsa, gonarsa da gidansa suna ƙasa ɗaya da su. Wanda ya sa wa Boston kuwa, duk kwabon da ya ɗora musu sauƙi ne ga nasa aljihun. Mutumin da zai ƙara maka kaya don nasa ya ragu, kuma ba ka da hanyar tsige shi, yau taro zai ce, gobe ba ka san abin da zai ce ba. A nan ne nake ganin gaskiya ta koma hannun Amurkawa, duk da fasa-ƙwaurinsu.

A watan Agusta 1765 mutanen Boston suka rataye mutum-mutumin Andrew Oliver, wanda aka naɗa ya sayar da takardun, suka farfasa masa gida, washegari ya ce ya ajiye aikin. Bayan 'yan kwanaki aka rushe gidan mataimakin gwamna Thomas Hutchinson. Wannan ɓarna ce, ba na yabonta. Kafin 1 ga Nuwamba, ranar da dokar za ta fara aiki, kusan babu sauran mai sayar da hatimi a ƙasar. Amma abin da ya fi girgiza Landan shi ne shawarar fataken New York da Philadelphia da Boston, da suka haɗa baki suka daina odar kaya daga Ingila. Nan da nan masu masaƙu da 'yan kasuwar Landan da Bristol suka ji a jikinsu, suka cika majalisa da takardun koke. Ranar 18 ga Maris 1766 aka soke dokar. Ku lura da kyau, majalisa ta saurari fataken gida masu ƙuri'a ne, su Amurkawa sun sami biyan bukata ne ta bakin abokan cinikinsu. Kuma a ranar aka yi wata doka mai cewa majalisa tana da ikon yi wa Amurka doka a kan kowane abu. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan.

A 1767 Charles Townshend, mai riƙe da baitulmali, ya dawo ta wata ƙofa, ya sa kuɗin fito kan gilashi, darma, fenti, takarda da ganyen shayi. Kuɗin ba su da yawa, wajen fam 40,000 ake fata. Dabarar tana cikin inda za a kai su, wato a riƙa biyan gwamnoni da alƙalai albashi daga ciki. Kafin nan a yawancin yankuna majalisar yankin ce ke biyan gwamna, in ya yi taurin kai a riƙe masa albashi har ya sauko. Amurkawa suka gane nan take, domin ma'aikaci yana jin maganar wanda ke biyansa ne. Aka koma ƙaurace wa kayan Ingila. A 1768 kwastan suka kama jirgin wani attajiri, John Hancock, gari ya hargitse, aka turo soja Boston. Ranar 5 ga Maris 1770 sojan suka buɗe wuta kan taron jama'a, mutum 5 suka mutu. A wannan shekara gwamnatin Lord North ta soke duk harajin Townshend sai na shayi kaɗai, taro a kowace laba, don dai a nuna cewa ikon yana nan.

Zancen shayin da kowa ya ji labarinsa ma akwai ciniki a ƙarƙashinsa. Kamfanin Ingila na Gabashin Indiya ya shiga matsalar kuɗi, shayi ya cika masa rumbuna babu mai saye. A 1773 aka ba shi izinin kai shayi Amurka kai tsaye, ya sayar ta hannun wakilan da shi ya zaɓa. Shayin zai yi araha, har ya fi na sumoga da ake shigowa da shi daga Holan sauƙi. Amma taron nan yana kansa, kuma duk ɗan kasuwar da ba ya cikin zaɓaɓɓu an fitar da shi daga harkar. Ku dillalai kun fi kowa sanin abin da ake ji in aka ce daga yau mutum uku ne kaɗai za su karɓi shanu a kara. Daren 16 ga Disamba 1773 wasu suka hau jirage uku a tashar Boston suka zubar da akwati 342 na shayi cikin teku. Ingila ta rufe tashar a 1774 har sai an biya, ta kuma karɓe mulkin yankin. Afrilu 1775 aka fara harbi, 4 ga Yuli 1776 suka yi shelar 'yanci.

A 1778, bayan an ci sojanta a Saratoga kuma Faransa tana shirin shiga yaƙin, majalisar Landan ta yi doka cewa ba za ta ƙara sa wa yankunan Amurka haraji don tara kuɗi ba. Abin da aka roƙe ta tun 1765 ke nan, ta bayar lokacin da babu mai karɓa. Da aka sa hannu kan sulhu a Faris a 1783, bashin Ingila ya haura fam miliyan 230. Garin neman gira an rasa ido. Ita ma Faransa bashin da ta ci don taimakon Amurka yana cikin abin da ya jawo juyin 1789 da ya ci sarautarta.

Kada kuma mu mai da Amurkawan nan waliyyai. Lokacin da suke kukan wai ana so a mai da su bayi saboda taro, mutum wajen 500,000 baƙar fata suna cikin bauta a hannunsu, kusan ɗaya cikin biyar na jama'ar ƙasar, kuma maɗin da ake rigima a kansa gumin bayi ne na gonakin rake. Wani abin da ya ƙona musu rai kuma shi ne layin da sarki ya ja a 1763 ya hana su mamaye ƙasar mutanen asali a bayan duwatsu. Sannan da suka sami ƙasar kansu suka tarar da irin lissafin da Grenville ya tarar. Ga bashin yaƙi, ga soja, ga albashi. A 1791 gwamnatinsu ta sa haraji kan barasa, manoman yammacin Pennsylvania suka yi bore, a 1794 George Washington ya tara mayaƙa wajen 13,000 ya tura musu. Bambancin dai wannan karon waɗanda suka yi dokar zaɓaɓɓu ne, kuma bayan an canza gwamnati aka soke harajin a 1802 ba tare da yaƙi ba.

To ina wannan ya taɓa mu? Ingila ba ta daina mulkin ƙasashe ba, kuma ba ta daina ƙin biya daga aljihunta ba. Ƙa'idar da ta riƙe ita ce kowace ƙasar da aka ci ta ɗauki nauyin mulkinta. Faransa ma ta rubuta irin wannan cikin dokar kasafinta ta 1900, kuma iyayenmu na wancan gefe sun san abin da lanho ya yi musu, har gari guda kan tashi ya tsallaka iyaka. A Gwalkwas, Gana ta yau, an gwada harajin sule guda a kan kowane mutum a 1852, ya mutu cikin 'yan shekaru da jama'a suka ga ba a yi ayyukan da aka yi alkawari ba. A Saliyo harajin ɗaki na sule 5 ya jawo yaƙin Bai Bureh a 1898. A 1929, a yankin Aba, daga ƙirga mutane da awaki ne mata suka tashi, aka harbe sama da 50 cikinsu.

A Arewacin Nijeriya kuwa Lugga ya fi Grenville wayo. Ya tarar da haraji da jangali tun zamanin sarakuna, sai ya bar sunayen yadda suke, ya bar sarki da hakimi da dagaci su karɓa, aka mai da biya da tsabar kuɗi, ana raba abin da aka tara tsakanin baitulmalin sarki da gwamnati. Talaka yana ganin dogari a ƙofarsa, Bature yana can a barikinsa yana duba littafi. Makiyaya kuma suka yi abin da masu jiragen Boston suka yi, lokacin ƙirga a kora rabin garke bayan dutse ko a haura ƙasar Faransa sai an gama. Lugga ya sa wa ayarin fatake nasu kuɗin hanya, da hujjar cewa shi ya kawar da 'yan fashi, hujjar Grenville sak. An soke shi a 1907, kuma cikin masu kuka da shi har da 'yan kasuwar Ingila da suka ga yana rage musu ciniki. Duk da haka kuɗin Arewa bai isa riƙe mulkinta ba, kowace shekara sai baitulmalin Landan ya cika da dubban ɗaruruwan fam, alhali Kudu tana da rarar kuɗin kwastan, mafi yawa daga barasar da ake shigowa da ita. Wannan lissafi yana cikin manyan dalilan da suka sa aka haɗe Kudu da Arewa ranar 1 ga Janairu 1914.

Kwanan baya a wani shinge, ba zan faɗi ƙasa ba balle gari, wani yaro mai kaki ya karɓi kuɗi a kan kowane kai cikin motata. Na ce masa, "Samari, ina takarda?" Ya dube ni ya ce, "Baba, takarda ta ƙare, ko ka fi so a sauke su a ƙirga?" Rana ta take, shanu sun kwana biyu a tsaye, na biya na wuce. Grenville da duk laifinsa ya rubuta nasa kuɗin cikin doka, ya faɗi ko nawa ne, ya faɗi abin da za a yi da shi, har ya ba da sanarwar shekara guda kafin Dokar Hatimi. Jangalin da Turawa suka riƙe ya zarce mulkinsu, sai a 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke shi tare da haraji a jihohinsu. Shi wannan na shinge ban san majalisar da za a kai wa kukansa ba, tunda babu wadda ta yarda ita ta sa shi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalam.